Ranar da Na Ɓoye Jan Biron Baba

Yayana na kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya ɗawainiya?

Ka ce in daina ɓoye maka, to ga gaskiyar. Wata biyu ke nan da shanyewar ɓarin jikin Baba, har yau bai furta ko kalma ɗaya ba. Likita ta ce in bai fara motsa baki a 'yan watannin nan ba, maganar na iya tafiya ke nan. Shi kuwa ka san halinsa. Da an kawo katunan koyon magana masu hoton kyanwa da ƙwallo, sai ya juya fuska bango. Mutumin da ya shekara talatin yana gyaran rubutun Turanci a maɗaba'a, ai dole ya ji an raina shi. Tsoro nake ji, Yaya, ba na dai nuna wa Mama.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa. Ya jikin 'yar taka, haƙoran sun fito?

Ran Talata na shimfiɗa tsohuwar jarida a teburinsa zan ɗora kwano, sai ya hau bubbuga ta da yatsa, ransa a ɓace. Ashe wata kalma ce aka yanka a ƙarshen layi ba a kan gaɓa ba. Na miƙa masa jan bironsa, ya gyara da hannun hagu, ya harare ni kamar ni na buga jaridar.

Tun ranar kullum sai na buga masa shafi guda, in yayyanka kalmomi yadda na ga dama. Ka tuna yadda yake sa mu ɗora hannu a ƙarƙashin haɓa, mu faɗi kalma, mu ƙirga sau nawa ta sauka don mu san gaɓoɓinta? Da yadda yake cewa ba a yanka kalma sai an san ma'anarta, mu yi ta bin ƙamus muna kumbure-kumbure? Yau ni ce malamar.

Jiya na yi rashin kunya, na ɓoye biron. Ya nema, ya yi fushi, har idonsa ya kawo ruwa. Na kusa miƙa masa, wallahi. Can sai ya dubi kalmar da na yanka a shafin, ya ɗora hannu a haɓa, ya ce in-for-ma-tion, gaɓa huɗu, yana nishi tsakaninsu. Mama ta ce shekara arba'in tana masa girki, amma da Turanci ya fara gaisawa. Tana faɗa tana share ido da gefen mayafi.

Taka,
Auta

Yayana,

Da fatan kun tashi lafiya. Wannan gajeruwa ce.

Yau da safe na kawo shafin, ya ture shi. Mama na tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi. Ya ɗaga hannu ya tallafi haɓarsa, ya fara kiranta da sunan da shi kaɗai ke kiranta, Gimbiya. Gaɓar farko ta fito, sauran suka maƙale. Na buɗe baki zan ƙarasa masa, Mama ta ɗaga mini hannu, wai sunanta ne, za ta jira.

Ta jira shi har shayin ya huce. Da ya kai ƙarshe, ta amsa da na'am.

Ka kira gobe da hantsi, kuma kada ka katse shi. Naka sunan gaɓa biyu ne kacal, tun ɗazu yake gwadawa.

Ƙanwarka mai kewarka,
Auta