Yadda Aka Laƙaba Mini Rabin Tanki

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Goggo da duk mutanen gidan. Yaya ƙirjin naka? Inna ta ce tarin ya lafa tun da aka canza maka magani, amma ka san Inna, ko ciwo ya kwantar da mutum cewa za ta yi da sauƙi. Don haka daga bakinka nake so in ji. Allah ya ƙara afuwa, ya sa kaffara ne. Mu nan kowa lafiya. Inna ta samu sabon tabarau, yanzu har zare take saka wa allura da kanta. Yaya Babba ya gama rufin ɗakinsa, matarsa kuma ta sauka lafiya makonni uku da suka wuce, an samu mace.

Kawu, da waya zan kira ka, sai na ga in na fara magana za ka katse ni da dariya, lissafin kuma ya rikice mini. Shi ya sa na zauna na rubuta. Labari ne mai daɗi a ƙarshensa, amma akwai laifina a tsakiya, kuma akwai hannunka a ciki ba tare da ka sani ba.

Bari in fara da fasalin wurin, tunda ba ka taɓa zuwa ba. Ramin da ake haƙar dutsen tagulla yana can saman tsauni, injin da ke niƙa dutsen kuma yana ƙasa. Tsakaninsu hanya ce ta kilomita uku da mita ɗari biyu, mai kwana tara. Motocinmu goma sha ɗaya ne, kowace tana ɗaukar tan sittin. Guda goma dizal suke sha, kowace lita ɗari huɗu da hamsin a yini. Lita ɗaya in ta ƙone tana sakin kusan kilo biyu da giram ɗari bakwai na iskar da ke ɗumama duniya, wato mota ɗaya tana zuba wa sama fiye da tan guda kullum. Wannan hayaƙin ka shaƙa shekara talatin a bayan sitiyari, ban manta ba. Ta goma sha ɗayan ita ce ta batir, wadda aka kawo don gwaji, kuma ni aka ɗora wa kula da bayananta, ni da ban cika wata shida da karɓar takardar digiri ba. Goggo ta taɓa tambayata wai me mace take nema a wurin fasa dutse. Ka faɗa mata wayar da ta haɗa farantin solar gidanku da fankarta tagulla ce, kuma irinta muke fitarwa. Duk mai son wutar da ba ta hayaƙi sai ya nemi tagulla. Abin kunyar shi ne a ce mu masu haƙo ta da hayaƙi muke haƙowa.

Abin da ya fi burge ni da motar shi ne gangara. In ta hau tsaunin babu kaya, tana cin kashi takwas cikin ɗari na batirinta. In ta gangaro da kaya, injinta ne yake riƙe ta, nauyin dutsen kuma yana juya shi ya koma yana cika batir, sai ta maido kashi bakwai. Birki kusan hutawa yake yi. Wanda aka ba wa ita dattijo ne, ana ce masa Malam Sannu-Sannu, saboda ko tirela ce ta biyo shi da hon ba ya ƙara gudu. Shekararsa ashirin da shida yana tuƙi a wannan hanya bai taɓa ko goge fenti ba. Ranar farko ya zagaya ta sau biyu, ya ce shi bai yarda da motar da ba ta tari da safe ba. Kafin mako ya fita ya fara kiranta Hajiya, ya hana kowa shiga da takalmi mai laka.

Makonni bakwai na farko a ƙasa take kwana, kusa da garejin kanikawa, a can ake yi mata caji. Ni na rubuta takardar ƙa'idojin da aka manna a ƙofar ɗakin cajin. Layi na uku ya ce kada mota ta fita sai batir ya cika ɗari bisa ɗari. Kawu, lokacin da nake rubuta layin nan muryarka nake ji. Ka tuna yadda kake tsayar da mu a gidan mai ko da allura ta ɗan sauka kaɗan, kana cewa direban kirki ba ya barin gida da rabin tanki? A ƙasa wannan ƙa'ida daidai take, domin mota za ta hau tukuna, ta rage kashi takwas, sannan ta gangaro ta samu wurin zuba bakwai.

Sai aka gama shimfiɗa farantan sola a saman tsaunin, aka mayar da wurin caji can, motar ta koma kwana a sama. Aka ce in kai takardar ƙa'idoji sabon ɗakin. Na canza lambar ɗaki, na canza lambar wayar gaggawa, na gyara wani harafi da ya karkace, na duba ta sau uku. Layi na uku na bar shi yadda yake.

Ranar Talata, bayan kwananta na farko a sama, da ƙarfe bakwai da minti arba'in na safe aka loda mata tan sittin, ta kama gangara da batir cike. Tunda babu wurin zuba wuta, injin bai riƙe ta ba, nauyin duka ya koma kan birki. Malam Sannu-Sannu ya ce tun a kwana ta biyu ya ji Hajiya tana tura shi kamar mai fushi, a kwana ta biyar ya ji ƙauri. Bai jira ya ga hayaƙi ba. Ya karkatar da ita cikin filin yashin da aka tanada a gefen kwana ta shida, ta nutse har rabin taya ta tsaya. Da na iso na auna birkin baya, zafinsa digiri ɗari huɗu da goma, alhali a sauran ranaku ba ya wuce ɗari da ashirin. Ƙasa da wurin, a kwana ta bakwai, mutum huɗu ne suke gyaran magudanar ruwa. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane, alhamdu lillahi.

Jami'in kiyaye haɗari ya zo da littafinsa. A ganinsa tsoho ne ya saba da tsohuwar mota, ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama. Nan take ya karɓe katin tuƙin Malam Sannu-Sannu, ya ce sai an zauna washegari. Direbobi suka fara cewa dama sun faɗa, motar da ba ta da murya ba ta da amana. Wani ma ya ce a mayar da ita ga masu ita a ce mun gode. Na ji Oga, shugaban sashenmu, yana gaya wa babban kanike cewa in laifin direba ne za a sallame shi, in laifin mota ne an gama gwaji.

Da rana na zazzage bayanan motar a kwamfuta. Gudunta bai wuce kilomita goma sha takwas a awa ba, wato daidai ƙa'ida. Sai idona ya sauka a kan batir: ɗari, ɗari, ɗari, tun daga sama har filin yashi. Na sake dubawa sau huɗu ko zan ga wani abu dabam, ban gani ba. A lokacin saura wata biyu in gama zaman gwaji na wata shida, kuma babu wanda ya haɗa takardata da abin da ya faru. Ba zan ɓoye maka ba, na yi tunanin in hau sama in canza takardar shiru, in ce a taro batir ne ya cika, in tsaya a nan. Ba ƙarya ba ce. Sai dai tambayar da za ta biyo baya ita ce wa ya cika shi, amsar kuma ta koma kan dattijon.

Na tafi ɗakin cin abinci na zauna da faranti a gabana ina juya cokali. Sai ga shi ya zo ya zauna a bencin da ke fuskantata, babu hular kwano, babu kati a wuya. Ya kira ni 'yata, ya ce kada in damu, shi ya san bai saɓa wa takardata ko da layi ɗaya ba. Wai da ya zo da safe batirin yana casa'in da shida, mai loda kaya yana ta yi masa hon, amma ya ƙi motsawa, ya zauna minti ashirin har ya cika, domin 'yar boko ta rubuta, kuma 'yar boko ba ta rubuta abin banza. Da alfahari ya faɗa, yana lallashina. Na ture farantin gefe.

Washegari kafin taro na hau sama na ɓamɓaro takardar daga ƙofa, da guntun fenti a bayanta. Mu tara ne a ɗakin taron. Jami'in kiyaye haɗari ya gama karanta rahotonsa, Oga ya tambaya ko akwai mai ƙari. Na miƙe. Na ce gudun motar goma sha takwas ne, direba bai taka birki ba sai da injin ya sake shi, injin kuma ya sake shi ne don batir a cike yake. Na ajiye takardar a tsakiyar tebur, na ɗora yatsa a layi na uku, na ce ni na rubuta, ni na kawo ta sama ban gyara ba. Na ƙara da cewa motar lafiyarta lau, direban kuma shi ya ceci mutum huɗu.

Oga ya jawo takardar ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya ta ga jami'in ya nuna masa ƙasan shafin, ya tambaye shi sa hannun waye wannan a ƙarƙashin nawa. Jami'in ya ce nasa ne. Oga ya ce na kusa da shi fa? Ya ce na Oga ne. Oga ya ce to, mutum uku masu takardar makaranta sun karanta layi ɗaya ba su ga komai ba, hancin direba ne ya gani. Ya sa aka miƙa wa Malam Sannu-Sannu katinsa a gaban kowa. Shi kuwa dattijon, maimakon ya yi fushi da ni, sai ya ce ashe Hajiya irin matan nan ne da ba a cika musu ciki kafin tafiya. Har jami'in sai da ya yi dariya.

Ban fita haka kawai ba. An saka mini takardar gargaɗi a fayil, kuma na cancanta. An saka wa su biyun ma. An kulle na'urar cajin sama yadda ba za ta wuce kashi tamanin ba ko wa ya danna. Sannan aka ce daga yanzu ba za a manna wata ƙa'ida ba sai injiniya da direba sun karanta ta tare, a tsaye a wurin da za a yi aiki da ita. Ni da Malam Sannu-Sannu muka bi takardu goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya, muka samu gyara a uku. Da na gaya masa inda na samo layi na uku, ya ce a gaishe ka, wai kai direban gaske ne, sai dai zamani ya yi mana kwana. Tun daga ranar direbobi suka laƙaba mini Rabin Tanki. Na yi musu bayani cewa tamanin ba rabi ba ne, rabi hamsin ne, suka ce ai wannan bayanin shi ya tabbatar musu sunan ya dace.

Yau kwana arba'in da ɗaya ke nan Hajiya tana aiki ba tangarɗa. Dizal ɗin da ba a ƙona ba a kwanakin nan ya kai lita dubu goma sha takwas da ɗari huɗu da hamsin. Kamfani ya amince a kawo wasu uku, direbobin da suka ce ba ta da amana kuma su ne a gaba wajen rubuta suna. Ranar Litinin Oga ya kira ni ofis ya ba ni takardar tabbatar da ni a aiki, tun kafin wata shidan su cika. Gargaɗin yana nan a fayil, shafi ɗaya ne tsakaninsu.

Jiya na roƙi Malam Sannu-Sannu ya gangaro da ni. Mun tashi da tamanin, muka sauka da tamanin da bakwai, ba ƙara, ba hayaƙi, har ina jin tsakuwa tana fashewa a ƙarƙashin taya. Da muka tsaya ya sauko ya kai bayan hannunsa kusa da ƙarfen taya, daidai yadda kake yi in mun sauka daga doguwar tafiya. Ya ce in zo in ji. Na kai nawa hannun. Ɗumi ne kawai, kamar kofin shayin da aka manta. Na so ƙwarai a ce kana wurin.

Ka gaishe mini da Goggo, ka ce fankarta tana da 'yar uwa a wurin aikina. Ina gaida Yaya Malam da iyalinsa, da Baba Ƙarami, da 'yan biyu. Inna da Yaya Babba suna gaishe ka. Ka riƙa shan maganin a kan lokaci, kada ka jira sai tari ya tashi. Tankin ƙaramar motarka kuwa ka ci gaba da cika shi, ban taɓa wannan ƙa'ida ba. A saman tsauni kaɗai na soke ta, ka yafe mini.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Taka 'yar,
Rabin Tanki
(tamanin ne dai, Kawu)