Tafinta a Ɗakin Mama

Zuwa ga Baban Yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Babban da Ƙaramar. Yaya aiki, yaya kuma fama da su? Kada ka ce min "da sauƙi" irin naka, don na san ko rufin ɗaki ne ya faɗo maka haka za ka ce. Mu nan sai godiya. Mama tana cin abinci, tana zama in an jingina ta. Hannun dama dai har yanzu sai an ɗaga mata, bakin kuma yana nan a karkace tun ranar da ɓarin jikin ya shanye.

Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Gidan nan yanzu ko tari ka yi akwai mai ji. Mama bakinta ne ya kama, kunnenta ras yake, ga kuma baƙon da Yaya ya aiko mana.

Mutum-mutumi ne, irin waɗanda ake ba masu jinya. Tsayinsa bai wuce ƙuguna ba, fari sol, yana yawo a kan tayoyi, hannunsa ɗaya, fuskarsa gilashi ce mai idanu biyu. Yana miƙa kofi, yana tuna mana lokacin magani, in Mama ta zame daga gado zai kira wayata. Amma babban aikinsa shi ne magana. Ka san ni da nake wuni da ita, ko rabin abin da take faɗa ba na kamawa, sai in yi ta "na'am, Mama?" har ranta ya ɓaci. To shi sai ya saurare ta, ya maimaita tiryan-tiryan. An ba shi tsofaffin saƙonnin murya da ta turo mana kafin ciwon, don haka da muryarta yake magana, muryar nan ta da. Ranar da na fara ji, tiren shayi na saki a ƙasa. Na sa masa suna Tafinta.

Yaya ya ce da zarar Tafinta ya saba da ita, ga nas da za ta riƙa wuni, ga matar ɗan hayarmu a ɗakin baya, sai in tattara in dawo. Wallahi har rawa na taka a kicin. Tun da na zo ban zauna ba, jakata ma ban gama kwance ta ba. In share tsakar gida, in dawo in sake sharewa, in leƙa ƙofa kamar wani zai zo ɗaukata. Ina kewarku har abin ya fara ba ni kunya.

Sai dai wani abu yana min tsaye a rai. Mama ta yi daɗin baki da yawa. In na ba ta ruwa, Tafinta ya ce ta gode. In na gyara mata filo, ya ce Allah ya yi min albarka. Kai ma ka san surukarka. Matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta da tef a wuya tana sa 'yan koyon ɗinki kuka, wadda ranar da ka fara zuwa gaishe ta ta ce wandonka ya ɗage? Tun da aka haife ni ban taɓa jin "na gode" a bakinta ba. Likita ya ce ciwon yakan sauya hali. To, wataƙila.

Kuma duk lokacin da na ɗauko zancen tafiya, sai ta yi doguwar magana, Tafinta ya ce zamana yana mata daɗi. Da wane ido zan ɗauki jaka bayan wannan?

Ka gaishe min da yaran. Ka daina ba su burodi da shayi safe da yamma, labari ya iso ni.

Taka har kullum,
Auta

*

Baban Yara,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku duka. Na ga amsarka, layi huɗu har da gaisuwa, sannu da ƙoƙari. Ka ce in kwantar da hankalina. Da ana sayar da shi a kanti da na aika an sayo min.

Yaya ya zo ƙarshen makon nan. Ka san shi, mutum da furfurarsa, a ofis ana miƙe masa, amma in ya shigo ɗakin Mama har tuntuɓe yake yi. Ya durƙusa a gaban gado ya gaishe ta. Ta dube shi sama da ƙasa, sai idonta ya tsaya a kan rigarsa, inda wani maɓalli yake lilo a zare. Ta haɗe gira, ta ɗaga yatsan hannun nan mai lafiya, ta yi magana mai tsawo. Ni dai na kama "riga", na kama "kunya". Ko ban kama komai ba na san yatsan nan, da shi aka raine ni.

Sai Tafinta ya buɗe baki da muryar Mama ya yi wa Yaya sannu da hanya, ya ce ta yi kewarsa, ya ce a cikin 'ya'yanta ba ta da kamarsa.

Baban Yara, Yaya kifa kansa ya yi a katifa ya fashe da kuka. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da muka rasa Baba. Mama ta dubi Tafinta, ta juyo ta dube ni. Ta bugi katifa da hannu ta sake magana da ƙarfi, shi kuma ya ce tana farin ciki da ganinmu tare. Na tashi na shige kicin na kama wanke kwanonin da na riga na wanke.

Tun da Yaya ya koma, Mama ta rufe bakinta. In tana son ruwa ta nuna kofi. In na yi mata hira ta juya fuska bango. Jiya Tafinta ya matso zai ba ta magani, ta jawo mayafinta ta wurga masa a ka. Ya tsaya cak, ya ce cikin ladabi wai ba ya gani, ko wani zai taimaka. Na yi dariya, sannan na cire masa mayafin.

Mai gashin ƙashin da ke zuwa motsa mata jiki ta ja ni waje ta ce shirun nan ba abin wasa ba ne. Harshen Mama yanzu ne yake neman dawowa, in ba ta ci gaba da motsa shi ba, ɗan abin da ya rage ma zai tafi, kuma ba lalle ya dawo ba.

Yanzu ka ga inda nake. In na gaya wa Yaya cewa ba Mama ce ta faɗi maganar nan ba, na ƙwace masa abin da ya yi shekara da shekaru yana jira. Kullum yanzu sai ya bugo waya da muryar ango, yana tambaya ko ta sake ambatonsa. Kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai son kaina a ciki. In aka ce na'urar ba ta da kyau aka mayar da ita, wa zai zauna? Ni ce. Sai in ji wata zuciya tana ce min in yi shiru, in ɗauki jakata, ai kowa ya ji da kunnensa Mama tana sa albarka. Sai in shiga ɗakin in gan ta tana kallon keken ɗinkinta da aka lulluɓe a lungu, in ji na tsani kaina.

Na kasa cin abinci a zaune. Matar ɗan haya ta ce in na ci gaba da zirga-zirgar nan zan cinye simintin tsakar gida.

Ka sa mu a addu'a. Ka shafa min kan Ƙaramar, ka ce wa Babban ya rage ƙwallo.

Matarka,
Auta

*

Baban Yara, abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Da fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ka nemi wuri ka zauna, yau labarin da tsawo.

Bayan na aiko maka da waccan, da rana Mama tana barci, Tafinta yana caji a baranda, sai na tsugunna gabansa kamar mai neman gafara na tambaye shi ko abin da Mama take faɗa yake maimaitawa. Na zaci zai yi min kwana-kwana. Ko kaɗan. Ya ce yana jin maganarta sarai, kusan duka, amma an saita shi ya tausasa ta kafin ya isar, saboda marasa lafiya sukan faɗi abin da zai ƙona ran masu jinyarsu. Na ce to ya daina. Ya ce ba shi da iko, sai wanda ya zaɓi hakan ranar da aka yi masa rajista. Na ce wa ke nan? Ya ce Yaya.

Ban san lokacin da na kai bakin titi da waya a kunne ba, ko takalmi ban sa daidai ba. Na wanke Yaya tas, abin da ban taɓa yi ba. Ya bar ni har na gaji. Sannan ya tambaye ni ko na ɗauka bai san uwarsa ba. Ya ce tun kafin ya sauko daga mota ya ga maɓallin nan, ya kuma san abin da zai ji a kansa. Ya san ba ita ta faɗa ba. So yake kawai ya ji yadda abin yake da muryarta, ko da na aro ne.

Duk masifar da na ɗebo sai ta zube. Na tsaya masu mota suna ta min hon. Da ƙyar na iya gaya masa cewa ta daina magana, da abin da mai gashi ta ce. Sai ya kashe wayar. Na wuni ina cewa shi ke nan, na ɓata da ɗan'uwana, ban kuma gyara komai ba.

Washegari da hantsi sai ga shi, bai ko je ofis ba. Ya durƙusa gaban Mama ya gaya mata abin da ya yi, da bakinsa, bai rage komai ba. Ya ciro waya ya danna abin da zai danna, ya ce mata yanzu duk abin da ta faɗa shi za a ji.

Ta daɗe tana kallonsa. Ni ina bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Can sai ta motsa baki ta faɗi kalma ɗaya, kamar mai taɓa ruwa ta ji zafinsa. Tafinta ya ce, da muryar nan tata mai kaifi, "Sakarai."

Da ka ga fuskarta! Ɓarin bakin nan mai lafiya ya ɗaga, idonta ya kawo haske. Daga nan fa aka ɓalle. Yaya ya samu rabonsa, na rigar da na tumbin da ya ajiye. Labulen da na rataye ashe a karkace yake tun zuwana. Shayina ruwa ne zalla. Likita yaro ne, bai iya gaisuwa ba. Shi kansa Tafinta bai tsira ba, da bakinsa ya kira kansa tulun ƙarfe maƙaryaci, bai ko ƙifta ido ba. Yaya yana durƙushe kansa a ƙasa yana "to Mama, na ji Mama", hawaye na zuba, yana kuma dariya.

Sannan yatsan ya juyo kaina. Ta ce ta gaji da faɗa min in tafi. Wai mace da mijinta da 'ya'yanta ta zo ta tare mata a gida, tana kai-komo kamar kazar da za ta yi ƙwai, ta hana ta barcin rana. Ta ce ita ba gawa ba ce da za a zauna gadinta, in tattara in ba ta wuri. Ashe abin da take ta faɗa ke nan duk lokacin da na yi zancen tafiya, shi kuma bawan Allah yana mayar min da shi godiya.

Na koma kicin na yi kuka mai isata, na haushi da na daɗi a haɗe. Tun ranar bakinta bai huta ba. Mai gashi ta ce kalmomin sun fara fita da kyau, ita ma an gaya mata hannunta kamar katako.

Ina tafe ranar Asabar da motar safe, in Allah ya yarda. Abin mamaki, yanzu da aka kore ni sai ƙafar ta yi min nauyi. Na ɗaure jaka na kwance, na sake ɗaurewa.

Ɗazu ina taje mata kai, sai ta dubi Tafinta ta ce ya fita. Ya maimaita "fita" da muryarta, ya juya ya gangara baranda abinsa. Da ta tabbata ya yi nisa, ta kama wuyan hannuna ta riƙe. Ta faɗi wata magana gajeriya, ƙasa-ƙasa, ba ta kuma dube ni ba. Ban kama ko kalma ɗaya ba. Da na ɗaga murya zai dawo, da na ce "na'am?" wataƙila ta maimaita. Ban yi ko ɗaya ba. Na ce to, Mama. Muka zauna a haka har hannuna ya fara sanyi, sannan ta sake ni, ta ɗaka min duka a cinya don na ja mata gashi.

Ka zo tasha da wuri, ka taho da yaran. Ina gaishe ku duka, gaisuwar wadda ta ƙosa ta gan ku.

Taka,
Auta