Giyar motar da ta tsayar da ni a hanyar Bawku

Zuwa ga Masta Iddi, mai garejin gyaran motoci a Yendi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali da mutanen gareji. Ni ne Alhaji Sulemana na Salaga, mai tsohuwar fikof ɗin dizal da nake ɗaukar doya da ita. Tun muna samari kake gyara mini mota, shi ya sa rubuta wannan takarda a bainar jama'a ya yi mini nauyi. Na kira ka sau uku ba ka ɗauka ba.

Na farko, ka tuna abin da na kawo maka a farkon damina. Giyar motar otomatik ce. Da sanyin safiya in na sa giya na taka, sai injin ya yi ta ruri motar tana tsaye, can ta fizga kamar an hankaɗa ta. In ta yi zafi sai ta daidaita. Ka juye man giya, ka zuba sabo, ka ce mini: "Tsufa ne kawai, Alhaji. Ka riƙa barin ta ta yi ɗumi." Na tambaye ka batun filtar da ke tace man giyar, ka ce ka duba, lafiya lau take.

Na biyu, abin da ya biyo baya. Wata Laraba bayan sallar asuba aka bugo mini daga Bawku cewa jikin yayata Hawa ya tsananta, kuma tana ta kiran sunana. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Matata ta roƙe ni in hau motar haya, na ce Masta ya gyara. Ban tsaya jiran ɗumi ba, wa zai iya jira a irin wannan rana? Na wuce Bimbilla kaɗan sai warin ƙonannen mai ya cika motar, ta daina ja gaba ɗaya. Na bar ta a bakin titi, na yi ta sauya motoci. Ina tashar Yendi, kusa da garejinka, aka ce mini Yaya Hawa ta cika. Na isa Bawku bayan magariba, an riga an rufe ta tun la'asar.

Bakaniken da ya buɗe giyar daga baya ya nuna mini filtar a toshe, baƙi ƙirin, da alama ba a taɓa ta ba. Ya ce man da aka zuba ma ba irin nata ba ne.

Ban ce kai ka kashe Yaya Hawa ba, kwananta ne ya ƙare. Ni ma da laifina. Wata biyu ina jin giyar tana zamewa kullum da safe, na yi shiru saboda doya ta fito, ba na son ajiye mota. Wannan zan ɗauka har kabarina. Amma da ka ce mini ba ka iya irin wannan giya ba, da na nemi wani, kuma da ban ga laifinka ba.

Roƙona biyu ne. Duk wanda ya kawo maka otomatik, in ba ka san ta ba, ka gaya masa gaskiya. Sannan ka zo Salaga ka yi mini gaisuwa. Ka san Yaya Hawa, ka ci tuwonta.

Allah ya jiƙanta, ya yafe mana ni da kai, ya sa albarka a hannunka.

Wassalam,
Alhaji Sulemana, Salaga.