Duron Da Ka Yi Wa Fenti

Unguwar Television, Kaduna
21 ga Agusta, 1988

Zuwa ga ƙanena Jethro,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya kai da iyalinka a can Jamus, Allah ya ci gaba da kiyaye ku. Mu nan mun gode Allah. Maigidana Monday yana nan yana fama da aikin masaƙa a Kakuri, ƙanwarmu Lydia ta sauka lafiya an sami namiji, masara kuma ta nuna a ƙauye. Mama ce ba ta da lafiya, kuma saboda ita na ɗauki biro.

Wasiƙarka ta iso, shafi shida cur, da Turanci, zuwa ga tsohuwar da ko sunanta ba ta iya rubutawa. Sannu da ƙoƙari, Dokta. Kawu George ya taso takanas daga Mahuta, ya ɗora tabarau, ya fassara mata a gaban matan Zumuntar coci da suka zo dubiya, yana ta hura hanci. Mun ji cewa akwai dattin da injinan nukiliya ke bari, mai gubar da takan yi shekara dubu ɗari ba ta mutu ba, ku kuma kuna so ku mayar da shi cikin wani sabon inji a yi ta ƙona shi har gubar ta koma ta shekara ɗari uku kacal. Kacal fa ka ce! Kuma wai har yanzu a kan takarda abin yake. Matan suka yi ta tafi da guɗa. Ni dai ina bakin murhu, takaici ya hana ni ko ɗaga kai.

To bari in ba ka labarin gubar gidanku. Ka tuna duron da ka sayo wa Mama a bakin titi lokacin da ka zo hutu bara waccan, don ta riƙa tara ruwa in famfo ya ɗauke? Ka wanke shi da sabulu da toka, ka shafa masa shuɗin fenti, ka buga ƙirji ka ce kai masanin kimiyya ne, ka tabbatar tas yake. Tun Ista Mama ke amai, ƙafafunta sun kumbura, ko takalmin zuwa coci ba ya shiga. Likita ya ce ƙoda ce, ya tambayi inda take ɗiban ruwan sha. Da na dawo na sa wuƙa na kankare fentin nan naka. Jethro, hoton ƙoƙon kan mutum ne da ƙasusuwa biyu a gicciye. Maganin ƙwari aka zubo a ciki. Duk digirorinka ba ka gani ba, ko kuwa ka gani ka shafe? Ni da na tsaya a aji shida aka cire ni don a biya maka makaranta, na san abin da hoton nan yake nufi.

Na nuna wa Mama, ta ce adon Turawa ne. Monday ya gangara da duron zuwa bayan gida, Mama ta yi kwana biyu ba ta sa komai a baki ba, tana kuka wai muna baƙin ciki da ɗanta, dole muka dawo da shi. Na sayo mata randa sabuwa, ta zuba wake a ciki. Fasto ya yi magana, ta ce masa ya tsaya kan Littafi Mai Tsarki. Dā ma da sauƙi, amma tun da aka karanta wasiƙar nan taka ba mai iya tanƙwara ta. Cewa take, yaron da Turawa suka kira ya kashe musu guba, shi ne zai ba uwarsa guba? Wallahi ina jin tsoro, kuma ina jin haushinka ƙwarai.

Ba magani nake roƙo ba, ba kuma na ce ka bar babban aikinka na ceton jikokin jikokin Turawa ka zo ba. Layi biyu nake so, da Hausa, da rubutun hannunka da ta sani. Ka ce mata ka yi kuskure, duron ba shi da kyau, ta yar da shi. Kada ka yi mana bayanin kimiyya, kada ka kewaya. Na san tun kana ƙarami kalmar nan ta “na yi kuskure” ba ta taɓa fita bakinka ba, to ka daure ka koya wannan karon. Ka aiko ta hannun mai zuwa, gidan waya sai ya ci mako uku, likita kuwa bai ba mu lokaci mai yawa ba.

Monday da Lydia suna gaishe ka, haka ma Gwaggo Deborah. Ka gai da matarka Judith da yara, Ubangiji ya raya su. Mama ba ta san na rubuto ba. Ga ta can tsakar gida ta dafa bango, tana ɗiban ruwan nan za ta sha maganin da likita ya ba ta.

Ni ce yayarka,
Celina