Jirgin da Inna Take Yi wa Addu'a

Daren Laraba, Gwaram

Na gaji, bayana kamar an daka. Ina dawowa daga Birnin Kudu a babur sai Yaya Sani ya kira daga dajin da aka tura su yaƙi. Na ce masa rediyo ta ce an sayo wa sojoji sababbin jiragen yaƙi daga waje. Ya yi wata dariya mara daɗi. "Ƙanina, mu ma a rediyon muke jin su." Makon jiya sun yi ta kiran jirgi bai zo ba, har suka rasa abokinsa. Ya ce kada Inna ta ji.

Ita kuwa tun da ta ji an sayo, duk ƙarar da ta tashi a sama sai ta fito tsakar gida da addu'a. Da magariba wani jirgi ya wuce can ƙololuwa. Na fasinja ne, na gane shi. Ta ce, "Auta, na su yayanka ne ko?"

Na ce, "Ƙila, Inna."

Wa zan tambaya inda jiragen suka maƙale? Ko kansilanmu ba ya ɗaga waya.

Tuwona na nan ban taɓa ba. Inna kuwa ta cinye nata tas, rabonta da haka tun ranar da Yaya Sani ya tafi.