Injin kwashe ƙanƙara da na sayo a Kaduna

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya sayar mini da ƙaramar katafila,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ne Alhaji Haladu, ɗan kwangilar gini daga Kurmin Mashi. Sau uku na zo ofishinka ana ce mini ka fita, shi ya sa na biyo ta jarida, tunda dai asirina ya riga ya tonu a unguwa.

Na farko, ba ni da ƙorafi kan katafilar kanta, wadda na saya a 1975. Tana juyawa wuri ɗaya kamar katantanwa, tana shiga lungun da tifa ba ta isa. Bokitinta na kwasar yashi, ƙarfen nan mai yatsu biyu kuma yana ɗaga bulo ba tare da ya fasa ba. Direbana Isiyaku ya ce bai taɓa tuƙa abu mai jin magana kamarta ba.

Na biyu, ga inda na kai kaina. Na sami aikin kafa shingen wata gona a hanyar Zariya, rami ɗari uku, kuma sai an gama kafin damina. Na ji ana ɗaura wa katafilar wani ƙarfe mai murɗi da ke haƙa rami. Akawunku ya miƙo mini littafin hotunan kaya, duk an rubuta shi da Turanci. Ni kuwa Turancina bai wuce na gaisuwa ba, amma na sa tabarau ina buɗe shafi ina gyaɗa kai. Na ga wani inji da murɗaɗɗen ƙarfe kwance a bakinsa, yana feso wani farin abu sama. Na ɗauka farar ƙasa ce. Na ɗora yatsa. Akawun ya ce, “Alhaji, ka tabbata?” Na ce masa tun ba a haife shi ba nake gini. Sai ya rubuta.

Na uku, wata bakwai ina jira saboda cunkoson jiragen ruwa a Legas. Ranar da injin ya iso na sallami leburorina shida, har ina gaya musu zamanin diga ya wuce. Na tara maƙwabta su ga gwaji. Isiyaku ya kara injin a tarin tsakuwa, sai ya yi wata irin ƙara ya watsa ta kan kwanon gidan surukina. Rami kuwa ko na dasa albasa bai haƙa ba. Malam Bawa, wani tsohon malamin makaranta da ya yi karatu a Ingila, ya sunkuya ya karanta rubutun jikinsa, ya zauna a ƙasa don dariya. Ashe injin share ƙanƙarar da ke zuba a titunan Turai ne. Yau ko Babbar Kasuwa na shiga, Sarkin Ƙanƙara ake ce mini.

Gida-gida na bi leburorin nan ina ba su haƙuri. Huɗu suka dawo, muka haƙa ramukan da diga, ni ma da nawa hannun, ruwan farko yana dukanmu. Mai gonar bai sake nemana ba.

Na yarda girman kaina ne ya ja mini. Amma ranka ya daɗe, akawunka ya san abin da na nuna, ya kuma san garin da muke. Kalma ɗaya da Hausa ta isa. Wanda ya ga makaho ya nufi rijiya ba tambayarsa zai yi ko ya tabbata ba.

Roƙona shi ne ku karɓi injin ku musanya mini da mahaƙin gaskiya, na yarda a cire ladan wautata. Ku kuma sa a rubuta aikin kowane inji da Hausa a ƙarƙashin hotonsa, domin masu tabarau irina suna da yawa a garin nan.

In za ku aiko a ɗauka, a hanzarta. Kazar maiɗakina ta fara kwanci a cikinsa, maiɗakin nawa kuwa ta rantse idan aka ƙyanƙyashe ba mai taɓa shi, don a cewarta wannan ne karon farko da ya yi wa gidan amfani.

Allah ya ƙara wa kamfaninku albarka, ya tsare ka da sayen abin da kake jin kunyar tambayar sunansa.

Wassalam.

Naka,
Alhaji Haladu, Kurmin Mashi, Kaduna