Buhun Kaboyin Baffa

Zuwa ga mahaifina, Baffa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, na zo maka da godiya, da kuma neman afuwa.

Ranar rabon gado ba wanda ya ko kalli buhun kaset ɗinka na finafinan kaboyi. Ni na rungumo shi, yayyena suna ta yi mini dariya. Shekara shida yana ƙarƙashin gadona a Babura, har daminar bana ta sa ya fara fumfuna. Wallahi hankalina ya tashi, don ba abin da ke dawo mini da muryarka kamarsa.

Ina tuna ka bayan la'asar a zaure, injin wuta na ruri, maƙwabta sun cika tabarma. Kai da ko zo in kashe ka ba ka sani ba da Turanci, sai ka kashe sautin ka ba mu labarin da bakinka. Finafinan araha ne, dutse ɗaya ake ta zagayawa, doki ɗaya sai ya mutu sau uku. Kakan ce, "Ku dubi wanda ke shayar da dabba kafin ya sha, shi ne mutumin kirki."

Makon jiya wani malamin makaranta daga Kazaure, mai tara irin waɗannan finafinai, ya zo gani. Wai ya daɗe yana neman wasunsu. Muka kunna ɗaya da sauti. Baffa, ashe mai baƙar hular nan da ka sa wa suna Arɗo, wanda muka tashi muna yi wa addu'a, shi ne ɓarawon shanun! Malamin ya yi dariya har da hawaye. Ni kuwa haushi ya kama ni, na ce masa ai ban taɓa ganin Arɗo ya daki saniya ba.

Na ba shi buhun, ka yafe mini. In ya zauna wurina ruɓewa zai yi. Zai goge su ya juye a kwamfuta, na kuma kafa masa sharaɗi cewa waɗanda zai juye mini ya cire musu Turancin. Ran Juma'a jikokinka za su kalla, ni zan ba da labarin, kuma Arɗo ba zai zama ɓarawo a gidanmu ba.

Na gode, Baffana. Allah Ya haskaka makwancinka, Ya shayar da kai daga Alkausara.

Autarka mai kewarka,
Hansatu